Wane Jirgi Za Ka Hau, Alhaji?

Babu wanda ya san jirgin da ya dace da zuwa Amurka irin mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba. Da zarar labari ya ɓulla cewa wane ya samu biza, abin da a zamanin nan ya zama kayan gabas, kuma zai je hutu wajen ɗan'uwansa, sai majalisa ta rikiɗe ta koma kwamitin bincike. Mai shayi na da ra'ayi, mai wankin hula na da ra'ayi. Akwai ma wani dattijo da ya yi aikin hajji tun zamanin Shagari, wanda ya ɗauka kowane jirgi a duniya sai ya biya ta Jidda. Shi kuwa mai tafiyar, da zai biya kuɗin tikitin da guminsa, ba a cika ba shi damar buɗe baki ba.

Akwai 'yan kai-tsaye. Su hujjarsu a fili take: tun 2007 Delta ke tashi daga Legas ya dire Atlanta ba tare da ya tsaya ko'ina ba, United kuma na zuwa Washinton. Ka hau, ka yi barci, bayan awa goma sha biyu da 'yan kai ka farka a ƙasar da ka nufa. Magana ta hankali ke nan, shi ya sa ba ta samun magoya baya. Da farko dai sai ka je Legas, kuma Bakano ya gwammace ya zagaya rabin duniya da ya sauka a Ikeja da akwatuna huɗu yana neman hanyar ɗaya tashar. Sannan ga batun ruwa. "Awa goma sha biyu a kan teku, ranka ya daɗe? To idan inji ya yi gardama, a ina za a faka?" An yi wa mai wannan tambaya bayani cewa doka ba ta barin jirgi mai inji biyu ya yi nisan da zai kasa kaiwa wani filin sauka da inji ɗaya, kuma akwai tsibirai irin su Kef Bad a tsakiyar ruwan. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce shi dai bai ga reshe a sama ba.

Sai 'yan Turai, masu son British Airways ko Lufthansa ko Air France daga Abuja. Yawancinsu manya ne, kuma har yau ba su gama zaman makokin KLM ba, wanda ya daina zuwa Kano a 2012. In ka bar su, za su koma da kai zamanin Nigeria Airways, kamfanin da ya ɗauki giwa mai fukafuki a matsayin tambari, ya kuma yi ta tashi har zuwa 2003 kafin nauyin giwar ya rinjaye shi. Amma asirin wannan ɓangaren ba tarihi ba ne. Ribar biyowa ta Turai ita ce ƙasa biyu a kuɗin ɗaya. Mutum ya zauna awa huɗu a kan benci a Heathrow, ya sayi ruwan gora da kuɗin da zai ciyar da gidansa yini guda, bai ga ko bakin titi ba, amma ya samu lasisin cewa "lokacin da nake Landan" har ƙarshen rayuwarsa. Idan ta Farankfot ya bi, to ya zama masani kan tsaftar Jamusawa.

Ni dai ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na 'yan gabas. Amurka tana yamma da mu, wannan ko ɗan firamare ya sani. Amma Alhaji zai hau Qatar Airways a filin Malam Aminu Kano, ya ba Amurka baya, ya yi kusan awa bakwai yana nisanta da ita har Doha, ya kwana a kujera, sannan ya sake ɗaukar wasu awa goma sha huɗu zuwa New York. Na Ethiopian ya fi daɗi. Ka tashi daga Kano ka je Adis Ababa, a can a sa ka a jirgin da zai juyo yamma, ya ratsa ta saman Najeriyar da ka baro jiya, ya sauka Lome, sannan ya tsallaka zuwa Newark. Wato ka biya kuɗi an kai ka gabashin Afirka don ka dawo ka ɗaga wa ƙasarku hannu ta taga. Ka tambaye shi dalili, ya ce maka ai a ƙofar gida ya hau, yara sun raka shi har filin jirgi, kuma allon da ke gabansa yana nuna alƙibla. Wannan na ƙarshen ba abin raini ba ne, domin mai tafiya yamma rana yake bi, azahar ta ƙi ƙarewa, la'asar ta ƙi zuwa, agogon hannu ya koma abin ado.

Akwai kuma wani gwani da ya rantse wani kamfani ya fi sauran gudu, don ƙaninsa ya je New York daga Landan a awa takwas, ya dawo da wani jirgin a awa bakwai. Iska ce mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, tana tare mai tafiya, tana tura mai dawowa, ko wane fenti aka shafa wa jirgin. Kada ka wahalar da kanka wajen gaya masa. Ya riga ya yanke hukunci cewa direban farkon ne bai iya ba.

Duk wannan muhawara ta maza ce, kuma ta banza ce, domin a cikin gida ake zaɓen jirgi. Tambayar Hajiya ɗaya ce tak: "Kilo nawa suke bayarwa?" Akwati biyu ne, kowanne kilo 23, sai 'yar jakar hannu. Alhaji na jin haka ya ɗauka kilo 46 ɗin nasa ne. Bai san cewa tun ranar da aka buga masa biza aka gama rabon gado ba. Shi ya sa mutanenmu ke ɓoye ranar tafiya. A da ana cewa tsoron baki ne, yanzu tsoron saƙo ne. Amma labari ba ya ɓuya, kuma daren tafiya sai ga Goggo da ƙullin leda.

"Ɗan nan, ɗan abu ne kaɗan, ba nauyi. Ka miƙa wa 'yar ƙawata, tana Amurka."

"Goggo, wane gari take?"

"Ba na ce maka Amurka ba?"

Daga baya a gano yarinyar tana Kalifoniya, shi kuma New York za shi, tsakaninsu tafiyar kusan awa shida a jirgi. Ɗan abin da ba nauyi kuwa, kuka ce da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji da garin kunu, da turaren wuta da humra, da atamfa turmi uku, da wani abu a cikin robar fenti da aka liƙe da salatif wanda ba wanda ya yarda ya faɗi sunansa. Sai a aro sikelin mai sayar da hatsi, a ɗora akwati, a cire takalmin Alhaji, a sake ɗorawa, a cire rigar sanyinsa. Mutumin da zai sauka cikin ƙanƙarar Disamba ya tafi da shadda biyu da hula, amma daddawar 'yar ƙawar Goggo ta samu wuri. Kaiton wanda ɗansa ɗan boko ya tsinto masa tikiti mai araha a intanet, aka je filin jirgi sannan aka gane arahar ta rashin akwati ce. Araha dai ba ta ado, kuma wannan karon ba ta ɗaukar kaya.

Sai kilishi. Kowa ya san Amurka ba ta yarda a shigar mata da nama daga ƙasashenmu, kowa kuma ya san wani da ya shigar da shi. Don haka ake naɗe shi cikin takarda, a sa a leda, a cusa cikin hannun babbar riga, a bi da addu'a. Abin da ba a shirya masa ba shi ne ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa da jami'an kwastan ke yawo da shi wajen ɗaukar kaya. Ba ya haushi, ba ya cizo. Zuwa yake ya zauna kusa da akwatinka cikin ladabi, ya ɗaga kai ya dube ka. Alhajin da ya sa alama a takarda cewa ba ya ɗauke da nama sai ya fara bayanin cewa kilishi ba nama ba ne, tsaraba ce. A kwashe, wani lokaci a haɗa masa da tarar daloli. Babu kamfanin jirgin da ke da maganin wannan karen, na duba.

Batun abinci a cikin jirgi kuwa, akwai tsarin da Musulmi zai nemi nasa na daban, amma sai ya faɗa tun kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Ba ma faɗa. Mun fi son mu jira ma'aikaciya ta iso da kekenta, mu tsare ta da tambayar wanda ya yanka kazar, mu ƙare da burodi da man shanu da lemo, muna haɗiyar yawu saboda kilishin da ke can ƙasan jirgi yana jiran karensa.

Abin da majalisa ba ta so a faɗa shi ne, kusan duk jiragen da ke tsallaka wannan teku kamfani biyu ne ke ƙera su, Boeing da Airbus. Bambancin fenti ne da kayan ma'aikata. A can baya, inda kuɗinmu ke kaiwa, jere mu ake yi kamar buhunan albasa a tirelar Aliero, gwiwa a jikin kujerar gaba, na gaba kuma ya kwanto maka a cinya tun ba a tashi ba. Sai dai masu jirgi sun san halinmu, shi ya sa sau da yawa ta sashen manya ake bi da mu kafin a kai mu mazauninmu. Nan za ka ga tafiyar Alhaji ta canza. Ya rage sauri, ya dafa faffaɗar kujerar da ba tasa ba, ya miƙa wa na bayansa waya: "Ɗan taimaka, bawan Allah, ka ɗauko har da tagar." Kafin jirgi ya ɗaga, mutumin da ya ɓoye wa ƙanwar ubansa ranar tafiya ya sanar da mutum ɗari biyar a WhatsApp, da hoton tikiti, da "Alhamdulillah" a ƙasa.

Hutun kansa ba shi da dogon labari. Mako uku a falon ɗan'uwa a Bronx, inda Hausawan Gana da na Nijar suka yi yawa har mutum kan manta ya bar gida. Masu gida na wajen aiki daga asuba zuwa dare, sanyi ya hana leƙa waje, ana cin tuwo da kukar da aka sha wahalar kawowa, ana kallon finafinan Kannywood. An je an ɗauki hoto a Times Square sau ɗaya, da aron rigar sanyi.

A dawowa lissafin kilo ya juye. Yanzu jerin masu jiran tsaraba ne: takalma, jakunkuna, turare, wayoyi, da maganin ciwon gwiwa na mutum bakwai. Shaddar nan biyu ma a can aka bar su don a samu wuri. Goggo ta zo sannu da zuwa, aka miƙa mata takalminta, ta juya shi, ta gwada, ya matse ta. Ta ajiye shi gefe ta ce, "An gode, Allah ya yi albarka. Amma ɗan nan, wa ya ba ka shawarar wannan jirgin? Ni na ji an ce akwai mai ba da akwati uku."