Zuwa Ga Bawana Bazazzagin Atlanta: Ina Labarin 28 da 3?

Bawana, ina gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Saƙonka ya iso, kuma a gaban jama'a na kunna shi, don bawa ba ya da sirri a wurin ubangidansa. Ka ce wai in daina tono abin da ya wuce, wai ƙungiyarku ta Atlanta Falcons ta sake zubi, wai bana ba bara ba ce. To, madalla. Sai dai tun da ka bar Tudun Wadar Zariya ka tare a can, duk shekara wannan bishara kake yi mana, alhali ƙungiyar nan tun 1966 take fita fili, ba ta taɓa ɗaga kofin Super Bowl ba ko sau ɗaya. Don haka a jarida zan ba ka amsa, saboda waɗanda ba su san abin da ya same ka ba su sani, su zo maka jaje.

Bari in yi wa masu karatu bayanin wasan ƙwallon Amurka da kaina, tunda kai in aka bar maka sai ka aika a kawo allo da alli. Ɗan'uwan zari-ruga ne. Ƙarti 11 kowane ɓangare, da hular kwano da tulin kafaɗa, ana kokawa a kan ƙwallo mai tsini biyu. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta ci a sabunta mata. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa ya samu maki 6, da ɗan ƙari na ɗaya ko biyu. Wanda ya matso kusa amma ya gaza shiga, yana iya buga ta da ƙafa ta tsakanin ƙarafa biyu ya tashi da maki 3. Minti 60 ake yi, kashi huɗu. Ga wanda nake so ku riƙe da kyau: in aka ruga da ƙwallo aka kayar da mai ita a cikin fili, agogo tafiya yake yi. In aka jefa ta ta faɗi ƙasa ba wanda ya cafe, agogo ya tsaya cak.

Ni ba na cin haƙƙin bawa, saboda haka zan faɗi gaskiya: a kakar 2016 kun yi abin a zo a gani. Kun ci wasa 11 cikin 16, kun tara maki 540, ba ƙungiyar da ta kamo ku. Madugunku na lokacin, Matt Ryan, ya yi jifa na yadi 4,944, sau 38 jifansa na kaiwa gida, sau 7 kacal aka tare masa, har aka naɗa shi gwarzon shekara ana gobe wasan ƙarshe. Julio Jones kuwa, a wasa ɗaya da Carolina ya kwashe yadi 300 shi kaɗai. Da aka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale kuka sallami Seattle da ci 36 da 20, sannan kuka yi wa Green Bay ta Aaron Rodgers dukan kawo wuƙa, 44 da 21, a wasanku na ƙarshe a tsohon filin Georgia Dome. Daga ranar ka hana dangi sakat. Ka cire hoton 'ya'yanka daga WhatsApp ka sa na tsuntsu. Gaisuwar mutuwa ma in ka kira, sai ka soko zancen Julio kafin a shafa fatiha.

Sai ranar 5 ga Fabrairu, 2017, a birnin Houston, ku da New England Patriots ta Tom Brady, dattijo ɗan shekara 39 wanda aka dakatar wasa huɗu a farkon kakar kan zancen sace wa ƙwallo iska. Kuka faɗa masa. Devonta Freeman ya shiga, Austin Hooper ya shiga, sannan Robert Alford ya tare jifan Brady ya ruga yadi 82, Brady ya yi tsalle zai kamo shi ya kife a ƙasa hannu wayam. Aka tafi hutun rabin lokaci 21 da 3.

A nan ne wayata ta yi ƙara, wajen ƙarfe biyun dare agogon Kano, ana tsakiyar hunturu, na dunƙule cikin bargo. Ko sallama ba ka yi ba. Ina jin ihun 'yan'uwanka a bayanka, kana cewa in tashi in yi alwala in yi nafilar godiya, wai ubangidana ya ci duniya. Har ka ce in tanadi ragon da zan yanka maka in ka zo. Na ce maka a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, ku dai ku gama. Ka kashe waya kana dariya. Da aka dawo Tevin Coleman ya ƙara, allo ya nuna 28 da 3, saura minti 8 da rabi a kashi na uku. Ba a taɓa jin wanda ya farfaɗo daga irin wannan rami a Super Bowl ba.

Yanzu ka natsu, bawana, ga inda nake so mu zauna. Mai tsara muku hari a lokacin, Kyle Shanahan, ƙwararre ne, kowa ya yarda. Amma ni bincikena ya nuna mini Bazazzagi ne, ko da shi bai sani ba, don ciwonsa irin naku ne: ilimi ya yi yawa har ya hana mutum yin abu mai sauƙi. Duk yaron shagon da ke Kantin Kwari ya san cewa in ka yi cinikin da ya fi na kowa, magariba ta kawo kai, yadi kake naɗewa ka ja ƙofa ka kai kuɗi gida. Ba ka sake baje kaya don 'yan layi su ga ka iya talla. Ku kuwa da riba a aljihu kuka ce sai an san kun yi karatu.

Ga na farko. Ana 28 da 12, saura minti 8 da 'yan kai a tashi, yadi ɗaya tak kuke nema a dama ta uku. Maimakon a danƙa wa ƙato ƙwallo ya tura kai, sai aka ce Ryan ya ja baya ya yi jifa mai nisa. Freeman, wanda aka ɗora wa tsare shi, ya bar Dont'a Hightower ya wuce ta gefensa, ya make Ryan, ƙwallo ta suɓuce, Patriots suka dafe. Kafin ka gyara zama an koma 28 da 20.

Duk da haka Allah Ya sake ba ku. Saura minti biyar ba kaɗan, Ryan ya wurga wata ƙwallo can gefen fili, inda ba mai hankalin da zai sa ran a kamo ta. Julio ya miƙe a sama ta saman mai gadinsa, ya cafke ta da tsinin yatsu, jikinsa duk ya fita waje, amma ya ja yatsun ƙafarsa biyu suka shafi ciyawa ta cikin layi. Ni da ba na ƙaunarku sai da na ce kai! Kuna yadi 22 daga gida. Abin da ya rage shi ne ku ruga sau uku ko da ba ku ci taku ɗaya ba, agogo ya ci rabonsa ko Patriots su ƙone hutunsu na tsayar da agogo, Matt Bryant ya zo ya buga maki 3, tazara ta koma 11, kowa ya kama gabansa. Aka ruga sau ɗaya, aka yi asarar yadi guda, sai malam ya ga ai wannan aikin jahilai ne. Ya ce a yi jifa. Trey Flowers ya kwantar da Ryan yadi 12 a baya. Aka sake jifa, alƙali ya kama Jake Matthews da riƙe mutum, aka ƙara mayar da ku yadi 10. Aka kuma jifa, ta faɗi ƙasa, agogo ya tsaya yana jiran Brady. Daga yadi 22 kun koma 45 da ƙafafunku, ba wanda ya kore ku, har bugun maki ukun ya fi ƙarfin ƙafar Bryant.

Sauran labarin ai ka fi ni sani. Brady ya taso daga yadi 9 na gidansu ya ratsa 91. A hanya Alford ya taɓa wata ƙwallo ta yi sama, ta faɗo kan ƙafarsa, Julian Edelman ya kutsa tsakanin mutanenku uku ya tallabe ta saura ƙiris ta taɓa ƙasa. James White ya shiga saura daƙiƙa 57, Danny Amendola ya ƙara biyu, 28 da 28. Karon farko ke nan da aka je ƙarin lokaci a Super Bowl. Aka cilla kwabo ya faɗo musu, gwarzon shekararku yana tsaye a gefe bai sake taɓa ƙwallo ba, White ya sake shiga, 34 da 28. Maki 31 a jere ba ku ce uffan ba. Masu tsaron bayanku dai ban ga laifinsu ba: sau 93 Patriots suka taso musu, ku sau 46 kuka kai hari, ko jaki ne ya durƙusa. Grady Jarrett shi kaɗai sau uku yana kayar da Brady. Mai ƙungiyar, attajiri Arthur Blank, ya riga ya sauko bakin fili shi da maiɗakinsa, a tsaye suka kalli abin. Na neme ka kafin kiran assalatu, wayar a kashe. Ta daɗe a kashe.

Shanahan ko kwana biyu bai ƙara ba ya koma San Francisco, da ciwonsa a jaka. A Super Bowl na 2020 yana gaban Kansas City 20 da 10 a kashi na ƙarshe, aka tashi 31 da 20 an cinye shi. A 2024 suka sake haɗuwa, ya sake shiga gaba da maki 10, suka sake karɓewa a ƙarin lokaci. Ka ce mini wannan ba ɗan Ƙofar Doka ba ne?

Na san abin da za ka ce, don baki ɗaya gare ka: Kano Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Ta faɗa, ta kuma dawo. Kofunan gasar ƙasa na 2008 da 2012 da 2013 da 2014 suna nan ana goge musu ƙura. Kai me kake gogewa?

Patriots kuma ba su da kunya. Zoben nasarar da suka ƙera wa 'yan wasansu, lu'u-lu'u 283 suka jera a kan kowanne, don kada wani ya manta lissafin. Kuka rushe Georgia Dome kuka koma sabon fili na gani na faɗa, Mercedes-Benz Stadium, mai rufin da ke buɗewa. A Fabrairun 2019 aka kawo Super Bowl cikinsa, Brady ya zo har ɗakinku ya doke Rams 13 da 3, ya ɗaga kofi, ku kuna nuna wa baƙi wurin ajiye mota. Maƙwabtanku na New Orleans kuwa duk 28 ga Maris, wato 28 ga wata na 3, sai sun aiko muku da barka da shekara.

Batun rago yana nan, tunda kai ka kawo shi, sai dai yanzu kai za ka saya. Na Bichi nake so, mai ƙaho, kada ka aiko mini da tunkiya ka ce karatu ya nuna duk ɗaya ne. In ka zo sallah zan ajiye ka wata guda a shagon yarona a Kwari, ba albashi, ka koyi jan ƙofa. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce mata muna yaba haƙurinta.