Ajiyar Gizo da Ajiyar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku.

Gizo ne dai. Da zamani ya juya, namun daji suka koma ciniki a intanet, sai ya ce ai yanar gadon gidansu ce, don haka shi ya cancanci riƙe wa kowa shafi. Aka kuwa yarda, don ba a kayar da Gizo a baki. Kurege ya kawo littafin bashin gyaɗarsa, Bushiya ta kawo lissafin adashen matan dawa, Malam Dila ya kawo sunayen almajiransa. Gizo ya tattara duka ya zuba cikin wata babbar kwamfuta, irin wadda ake kira uwar garke, da ya yi haya a ginin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Bai taɓa ganinta da ido ba. Daga gindin tsamiya yake shiga cikinta da kalmar sirri, ya yi aikinsa ya fito.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, dukiyar jama'a a garin da ba ka san hanyarsa ba? In wani abu ya faru fa?"

Gizo ya ce, "Ke dai ba ki yi boko ba. Kwafi uku gare ni, uku cif!"

Kunkuru na gefe yana ji. Ya miƙo wuya ya ce, "Malam Gizo, ka taɓa buɗe ko ɗaya daga ciki ka ga yana tashi?"

"Wa ke fasa rumbu don kawai ya ga ko hatsi na nan?" in ji Gizo. Aka bushe da dariya.

Kunkuru bai yi musu ba, ya roƙi izini kawai a bar shi ya riƙa janyo kwafi kowace Juma'a. Layinsa kamar tafiyarsa, sai ya kwana yana saukewa, sannan ya zuba a faifan ajiya ya cusa cikin ƙoƙon bayansa. Farkon kowane wata kuma sai ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta mai karyayyen murfi, ya tayar da shafin a kanta tun daga tushe. Gwajin farko ma ya sha mamaki. Shagon Kurege ya fito da hotunan buhuna tsaf, amma babu sunan mai bashi ko ɗaya. Ashe hotuna da shafuka ya kwaso, ya bar rumbun bayanai, wanda shi sai an fitar da shi daban. Ya gyara, ya rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya a takarda, ita ma ya cusa cikin ƙoƙo.

Ana nan ana nan, ranar Laraba 10 ga Maris, 2021, gari ya waye shafin kowa ya ƙi buɗewa. Can sai saƙon murya ya shigo daga farar shamuwar nan ta Turai da ke zuwa cin rani bakin Tafkin Chadi, wadda ta riga ta koma sheƙarta kusa da kogin Rhine. Ta ce tsakar dare gobara ta tashi, ginin OVH da ake kira SBG2, inda uwar garken Gizo take, ya ƙone ƙurmus, wutar ta ci wani ɓangare na maƙwabcinsa. Ba a rasa rai ba, amma shafuka wajen miliyan 3.6 sun ɗauke a duniya.

Zaki ya tara fada. Gizo ya faɗi ya yi gaisuwa, "Yanka ya daɗe, a kwantar da hankali, kwafi uku gare ni."

Zaki ya ce, "Fito da na farko."

Na farko yana cikin wata kwamfuta ta biyu, a gini ɗaya da uwar garken, don Gizo ya ga can ne hayar ta fi araha. Wutar da ta ci rumbu ta ci kwandon da ke jingine da shi.

Na biyu kuwa aiki ne da Gizo ya saita yana yin kansa kowane dare, yana turo fayil gida. Fayilolin na nan reras, kowanne da kwanan watansa, abin sha'awa. Aka buɗe na jiya, wayam. Na shekaranjiya, wayam. Ashe tun wata bakwai da suka wuce Gizo ya canza kalmar sirrin rumbun bayanai, bai gaya wa aikin daren ba. Kullum aikin ya je ƙofa a kore shi, ya dawo da buhu ba komai ciki, ya aika da kuka akwatin imel ɗin da Gizo ya daina leƙawa.

Na uku lafiyayye ne, cike taf, a wata ƙasa daban. Sai dai Gizo ya kulle shi da makullin sirri don tsoron ɓarayi, wanda hakan daidai ne. Malam Dila ya ce, "To, ina makullin?" Gizo ya sosa ƙeya da ƙafa uku. Makullin yana cikin uwar garken da ta ƙone.

Bushiya ta fara tayar da ƙaya. Ƙoƙi ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sai Kunkuru ya rarrafo tsakiyar fada, ya zaro faifai da takarda. Aka yi hayar sabuwar uwar garke, ya girka mata manhaja, ya ɗora fayiloli, ya zuba rumbun bayanai, yana bin takardarsa layi-layi da farce. Daga ƙarshe ya shiga littafin adireshi na intanet, wanda ake kira DNS, ya karkatar da sunan shafin zuwa sabon gida. Kwana biyu aka yi, don lodin ma da jan ƙafa ya tafi. Shafi ya tashi, Bushiya ta ga kwasarta na nan a watan gobe, ta kwantar da ƙaya.

Amma kwafin na Juma'a ne, 5 ga wata. Abin da aka rubuta daga Asabar zuwa Talata ya bi hayaƙi. Ranar Litinin kuwa Kura ta karɓi gyaɗa tiya goma bashi wajen Kurege. Aka duba littafi, babu. Kura ta ce ita rabonta da gyaɗa tun tana yarinya, ta nemi ma Kurege ya biya ta kuɗin ɓata suna.

Washegari aka ga Gizo ya kafa sabon allo a gindin tsamiya: "Gizo da Kunkuru, ƙwararru kan ajiya." Sunan Kunkuru da ƙananan baƙaƙe. Kunkuru bai ma gani ba, ranar Asabar ce, yana barcin daren da ya kwana yana saukewa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.