Rikicin Faifai Biyu a Kan Waya Ɗaya

Tsofaffin kwamfutocin da aka ƙera kafin tsarin SATA ya fara yaɗuwa a 2003 suna haɗa faifan ajiya, wato ma'adanar da bayanai ke zama ko da an kashe na'ura, da wata faffaɗar waya mai ramuka 40 da ake kira IDE, kuma da yake waya ɗaya tana ɗaukar faifai biyu, mai son kwashe takardunsa daga tsohon faifai zuwa sabo yakan ɗauka aikin bai wuce na minti goma ba. Sai dai faifan biyu ba sa zama lafiya sai an tantance babba da mabiyinsa, kamar yadda gidan mai mata biyu ba ya kwanciya sai an raba kwana. Ana yin wannan rabo ne da wani ɗan mitsitsin murfin roba mai suna jampa, wanda ake ɗorawa kan ƙananan ƙarafan da ke bayan faifan, kuma ɗabi'arsa ce ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin tebur daidai lokacin da aka ɗauke wuta.

Idan bawan Allah ya lalubo shi da tocila ya mayar, sai ya ci karo da BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, wadda tsohon lissafinta bai wuce gigabait 137 ba, ta yadda mutum zai biya kuɗin faifai mai 250 amma na'urar ta rantse ba ta ga sauran ba. In kuma batirin CR2032 da ke riƙe mata saiti ya mutu, kullum da safe sai ta manta duk abin da aka koya mata jiya.

Kwafin ma da nasa sharaɗin, domin tsarin ajiye fayiloli na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, abin da bidiyon biki yakan tona bayan an shafe awa guda ana kallon allo. Mafi muni shi ne Windows 98 tana iya ba sabon faifan harafin D ta tura ɓangaren tsohon faifan da ke amsa wannan suna zuwa E, saboda haka mai gyaran da ya ga E bai saba da shi ba, ya yanke hukuncin cewa shi ne sabon, yakan goge shi tas cikin natsuwa, sannan ya kira mai kwamfutar ya zo ya ga aiki.