Zuwa ga Injiniya Shokin na Tudun Wada

Kai Bazazzagi, an ce yanzu sai da "Injiniya" kake amsa sallama, don ka sayi testa da filaya a Sabon Gari. Madalla. Sai dai ina mamaki: mutanen da ko a magana ba sa bambanta mace da namiji, yaya za su bambanta jar waya da baƙa? Ja ce mai wuta, Malam, baƙa ce mai mayarwa. In sabuwar waya ce, ruwan ƙasa ce mai harbi, shuɗiya ce mai mayarwa. Kore da rawaya kuwa, wadda kake yankewa kana cewa ado ce, ita ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa don kada ta bi ta jikin uwargida in ta taɓa firij.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar fis. Na ji fis ɗinka ya ƙone, ka ɗaure gurbinsa da zaren jan ƙarfe mai kauri, har kana bugun ƙirji wai wannan ba zai sake tsinkewa ba. Ai kuwa ba zai tsinke ba, ɗan Zage-zagi! Fis an yi shi ne ya mutu a madadin gida. Ka hana shi mutuwa, to wayar da ke cikin silin ce za ta karɓi zafin. Ita kuma wace waya? Siririyar nan mai lamba 1.5, ta ƙwai da fanka, ita ka ja wa soket saboda maƙo, alhali soket 2.5 yake so, na'urar sanyaya ɗaki kuma 4. Yi lissafi mana, tunda kuna taƙama da jami'a: hitar ruwa mai wat 3,000 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 13 ita kaɗai. Ka ƙara mata dutsen guga da risho na wuta, sannan ka zauna kana tambayar yara wa ke ƙona leda.

Na yarda hannunka yana da tsafta wurin jera bututu, wannan kam ba na musu. Kada dai kanka ya kumbura.

Injin janaretonka fa? Wai ka soka shi kai tsaye a soket, babu makunnin canji. Wutar nan ba a gidanka take tsayawa ba; layi take bi ta koma taransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ga bawan Allah can a kan falwaya yana gyara, ya sakankance an ɗauke wuta. Wannan ɗaya ba wasa nake ba, gobe ka sayo makunnin canji.

In kuɗin ne babu, ka shigo Kano, mun saba ciyar da ku. Zan saya maka har da fis mai amfiya 13 guda goma. Sharaɗi ɗaya: testarka ka bar ta a Kwanar Dangora, kada ta shigo mana gari.