Jinjina Ga Masu Ƙirga Kifi Daga Ofis

A duk ma'aikatan ƙasar nan babu waɗanda aka fi tauye wa yabo kamar masu ƙididdigar kifi. Bayin Allah ne da ke iya faɗa maka yawan kifin da aka kama a kogin Komadugu Yobe ba tare da laka ta taɓa takalminsu ba. Wannan baiwa ce, kuma baiwa ba a yi mata hassada.

Dubi yadda alƙalumansu suke da juriya. An shafe shekaru manya suna maimaita mana cewa Najeriya na bukatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, tana samar da kusan miliyan 1.1. A cikin shekarun nan an haifi miliyoyin masu cin kifi, ambaliyar 2022 ta shafe kududdufai, rikici ya kori masunta daga Baga da tsibiran Tafkin Chadi, amma lissafin ya tsaya daram, ko gezau. Farashin gero ya tashi, naira ta faɗi, lissafin kaɗai ya riƙe mutuncinsa.

Mu a Potiskum mun san ƙirge. Kasuwar shanunmu tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma ba a fitar da sa ba a san da shi ba. Kifi kuwa an girmama shi da sirri. Banda takan zo a kwali daga Gashuwa da Gaidam da Nguru, ta wuce kudu a mota, mai karɓar haraji ya ƙirga kwali ya yanki rasit, shi ke nan. Tarwaɗa ce a ciki ko karfasa, manya ne ko 'ya'yan da ba su isa kamu ba, daga wane ruwa aka ɗebo su, wannan shiga sharo ba shanu ne. Mutumin kirki ba ya leƙa kayan mutane.

Ba a ce ba a auna kifi sam ba, kada a yi wa hukuma ƙazafi. Ana aunawa ranar biki. A Gogaram ta ƙasar Bade, ko a Argungu inda ake bikin tun 1934, dubban mutane kan auka ruwa da koma da gora, sai a ɗora ƙaton guda a sikeli a gaban manyan baƙi. A 2020 na Argungu ya kai kilo 78, duniya ta ji. Sauran da aka kwaso a ranar, waɗanda su ne za su nuna ko ruwan na ƙaruwa ko yana mutuwa, sai a bar su su tafi tukunya cikin rufin asiri. Hikimar a fili take: in kana son sanin lafiyar gari, auna mai ƙibar cikinsa, ka sallami sauran.

Wasu ƙasashe ba su da wannan natsuwa. A Amurka tun 1979 ake bin masu kamun kifi na nishaɗi, waɗanda ke jefa ƙugiya don hutu kawai, ana tambayarsu me suka kama, nawa ne, a ina. Har wasiƙa ake aika musu gida. Kanada kuwa ƙirgen ne ya jawo mata: a 1992 lissafi ya nuna wani nau'in kifin gabar Niyufanlan ya kusa ƙarewa, dole aka hana kamu, dubun dubatar mutane suka rasa sana'a. Mu Allah ya tsare mu da irin wannan rana. Kifin da ba a taɓa sanin yawansa ba, wa zai kawo hujjar cewa ya ragu?

Masunta ne kawai ke neman ɓata wannan zaman lafiya. Su ne ke cewa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta ta ja baya a fadamun Haɗeja da Nguru. Su ne ke kukan kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, dumba ta tare kogi, raga mai ƙananan idanu tana kwashe har 'ya'ya. Wani dattijo ma zai rantse maka rabonsa da ganin giwan ruwa na kirki tun yana saurayi. To, a wane shafi aka rubuta? Maganar da ba ta da lambar fayil ai hira ce. Tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar tun 2000, da takarda da hatimi, kuma ban ji kifi ko ɗaya ya kai ƙara ba.

Sai kuma aka ƙara mana da wani gata. An ɗauke sashen kifi daga ma'aikatar noma aka mai da shi ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023. Madalla. Masuncin Gaidam, wanda tsakaninsa da teku ya fi kilomita dubu, yanzu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Akwai masu ba da shawarar wai a ba kowane sarkin ruwa sikeli da littafi da biro, a ɗauki yaro ɗaya mai sakandare a kowace mashaya yana rubuta irin kifi da nauyinsa, a riƙa biyansa a kan lokaci. Allah ya kiyaye. Kuɗin wannan duka bai kai na taron bita guda a otal ba, kuma in aka yi shi, me za a tattauna a taron baɗi?