Weji a Ingila

Ni ɗan direban babbar mota ne. Tun ban iya karatu ba na san weji, guntun katakon nan da yaron mota ke dirowa a guje ya cusa a ƙarƙashin taya idan mota ta fara ja da baya a Hawan Kibo. Kwanci tashi sai ga ni a Ingila, da rana karatu, da dare aikin lodi a wani sito don in haɗa kuɗin haya.

Ran nan tirela ta shigo, shugaban aikinmu, wani dattijo mai jar fuska, ya daka mini tsawa: "Chock the wheels!" Kunnena ya ji "chalk", wato alli. Wai a bakinsu ɗaya ana jan sa, ɗaya ana datsewa. Ni har gobe abu ɗaya nake ji. Na ce ikon Allah, Bature da son lissafi, har taya sai an yi mata maki. Na samo alli, na durƙusa, na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina zana musu lamba. Ina kan ta shida tirela ta fara tafiya a hankali kamar amarya, ba ta tsaya ba sai da ta rungumi durom ɗin shara.

Dattijo ya taho yana huci, riƙe da wani dunƙulen roba mai kusurwa uku. Da ya huce sai ya koma malami. Wannan shi ne "chock", in ji shi. Shi ake tokare tayar jirgin sama da shi, shi ya sa matuƙan jiragen yaƙinsu a Yaƙin Duniya na Biyu kan ce "chocks away" idan za su tashi. Wuri in ya cika maƙil kuma, "chock-a-block".

Kunya ta kama ni, ɗan direba guda! Don in wanke kaina na buga ƙirji na ce ai na san shi, a garinmu weji muke ce masa, kuma tun ina yaro nake yi wa Babana weji.

Sito ya kaure da dariya, wani har da zama a ƙasa. Kalmar tamu daga "wedge" ɗinsu muka aro ta, amma su abin da suka ji shi ne "wedgie": tsokanar 'yan makaranta, a lallaɓo ta baya a fizgo wa mutum ɗan kamfai sama har ya maƙale.

Wata bakwai na ƙara a siton nan, kuma duk wanda ya hango ni tafe sai ya riƙe ƙugun wandonsa.