Takardar Cigiya Zuwa Ga Alhaji Kuɗin Ajiya

Takarda ta fito daga hannun wani ɗan haya, a madadin 'yan'uwansa 'yan haya, zuwa ga Alhaji Kuɗin Ajiya, wanda 'yan boko ke kira Koshon. Gaisuwa mai yawa da so da yarda, tare da fatan kana lafiya a aljihun da ka shiga. Bayan haka, ranka ya daɗe, dalilin takardar nan cigiya ce.

Mai rubutun nan yana da maƙwabci, malamin sakandare a Kano, wanda rabonsa da ganinka tun watan Janairun 2023. A lokacin ne ya kama gida mai ɗaki biyu da falo. Ya biya hayar shekara, ya ba dillali la'adarsa, ya biya wani lauyan da bai taɓa gani ba kuɗin rubuta yarjejeniya, sannan aka ce saura kai, naira 100,000. Da ya ɗan yi jim, dillali ya dafa kafaɗarsa. "Haba Malam, ai wannan kuɗinka ne. Ajiya ce kawai. Ranar da ka tashi, in ba ka ɓata komai ba, a nan za a ƙirga maka abinka."

Shekara biyu cif ya yi a gidan. Ranar tashi matarsa ta durƙusa ta wanke tayil da omo har bayan ƙofa, shi kuma ya sayi ƙwan fitila uku ya maye waɗanda suka mutu, ya miƙa makulli, aka rabu ana sa wa juna albarka. Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. Mako na farko Alhaji mai gidan ya yi tafiya. Na biyu ya dawo amma yana da baƙi. Na uku waya ta yi ta ƙara har ta gaji. Sai a mako na shida saƙo ya shigo ta WhatsApp, hoton wata takarda da aka yago daga littafin rubutu na 'yan firamare.

A nan aka karanta wa Malam yadda aka yi da kai. Fenti, 60,000. Kwashe sokawe, 20,000, alhali gidaje huɗu ne ke zuba ruwa a ramin. Silin ɗin da ruwa ya ɓata, 15,000. Kan famfon banɗaki, 8,000. Sabon kwaɗo, 5,000, duk da cewa tsohon yana nan da makullansa biyu. Malamin lissafi ne, bai nemi kalkuleta ba: 108,000. Wato bayan an haɗiye ka ɗungurungum, ana bin Malam naira 8,000 na ruwan da aka kora da shi.

Ranka ya daɗe, ba wanda ke cewa ba ka da amfani. Masu gidaje ma suna da nasu kukan, kuma na gaskiya ne. Akwai ɗan hayan da zai tashi da tsakar dare ya kwance fanka da soket, ya bar bashin wuta na wata takwas, ya bar tukunyar bayi a fashe. Akwai wanda zai hura gawayi a tsakiyar falo. Saboda irin waɗannan aka haife ka, kuma da a kansu kake ƙarewa da ba a ɓata tawada ba.

Abin da ya kawo cigiya shi ne an daina bambanta ɓarna da tsufa. Yaro ya jefa ƙwallo ya fasa gilashin taga, wannan ɓarna ce, ubansa ya biya. Amma fentin da ya sha ƙurar hunturu biyu da danshin damina biyu ya koɗe, wa ya ɓata shi? Rana ce, kuma rana ba ta sa hannu a yarjejeniya ba. Robar famfo tana cinyewa ko da liman ne ke alwala da shi. Kwanon rufin da ke yoyo na mai gida ne, kuma kuɗin hayar da yake karɓa duk shekara ai ladan wannan tsufan ne. Idan aka karɓi haya, aka kuma dawo aka sa ɗan haya ya mai da gida sabo dal don wanda zai shigo bayansa, an sayar masa da abu ɗaya sau biyu ke nan.

Wannan ba ra'ayin 'yan boko ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri. Sun kuma ce mai da'awa ne ke kawo shaida. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma a kan turbar take: ta ɗora wa ɗan haya kula da gida, amma ta cire lalacewar da ke zuwa da zama na yau da kullum, ta kuma ce in an karɓe ka a ba da rasit naka daban. Sai dai a aikace, mutum ɗaya ne mai ajiya, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne kuma ya san mai fenti. An ba kura ajiyar nama, an kuma ce ita za ta rubuta rahoton abin da ya rage.

Kana da takwarori a ƙasashen waje, kuma ba haka suke rayuwa ba. Ɗaliban da suka yi karatu a Ingila sun san labarin. Tun watan Afrilun 2007 doka ta wajabta wa mai gida ya kai kuɗin ajiya ga ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, ko ya yi musu rajista a can, kuma a yanzu kwana 30 aka ba shi. In ya ƙi, kotu na iya sa shi ya biya ɗan haya har ninki uku. Daga 2019 kuma aka hana takwaranka yin ƙiba: ba ya wuce hayar mako biyar in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. In an yi saɓani, wani mai sasantawa ne daban zai duba takardun kowa, kyauta, kuma abin da yake fara ɗauka shi ne kuɗin na ɗan haya ne har sai mai gida ya kawo hujja. Ko an tabbatar ɗan haya ya ƙona darduma da dutsen guga, in dardumar ta shekara takwas a shimfiɗe ba za a ba mai gida kuɗin sabuwa ba, sai na ragowar kwanan da tsohuwar ke da shi.

Kada a ce wannan sai Turai. A Afirka ta Kudu, dokar gidajen haya ta 1999 ta ce mai gida da ɗan haya su zagaya gida tare ranar shiga, su sake zagayawa lokacin fita. Mai gidan da bai zo zagayen fita ba, doka ta ɗauka ya yarda gidansa lafiya lau yake, sai ya mai da kuɗi gaba ɗaya. In babu abin cirewa, kwana 7 gare shi. In kuma ya yi gyara, ɗan haya na da ikon ganin rasit.

Malam bai san duk wannan ba ranar da ya shiga gida, bai kuma ɗauki hoton komai ba. Matarsa ce ta cece shi, ita ma ba da niyya ba. Ranar tarewa ta ɗauki bidiyo don ta nuna wa 'yan'uwanta sabon gida, ta tura a zauren danginsu na WhatsApp, tana tafe tana bayani. "Ga falo nan, Yaya, kin ga girmansa. Silin ɗin ne dai ya ɗan yi taswira, an ce za a gyara. Ga banɗaki, famfon ne aka ɗaure da roba." Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, da kwanan wata a jiki. A wayar Malam kuma aka tono saƙonni biyu na watan Agustan 2023, inda ya sanar da mai gida ruwa na zuba a falo har sai an tara bokiti. Amsar tana nan a ƙasa: "To Malam, za a turo kafinta." Kafintan bai iso ba har aka tashi.

Da wannan ya rubuta takarda mai ladabi, ya bi lissafin ɗaya bayan ɗaya, ya nemi a nuna masa rasit na kowane gyara, ya ba da mako biyu. Ba ya rasa inda zai nufa in an yi kunnen uwar shegu da shi. Kotunan ƙananan basussuka, waɗanda aka fara a Legas a 2018 Kano ta bi sahu a 2019, don irin wannan rigimar aka yi su: mutum na iya tsaya wa kansa ba lauya, ana farawa ne da takardar neman biya, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Amma a garin da mai gidanka na jiya zai iya zama surukin abokin aikinka gobe, kotu ba ita ce ƙofar farko ba. Zauren mai unguwa aka fara zuwa.

An zauna bayan la'asar, kan tabarma, dillali na gefe yana jan carbi yana kallon ƙasa. Aka kunna bidiyo. Muryar matar Malam ta cika zaure tana yabon falo, har aka zo kan taswirar silin. Mai gida ya gyara zaman hularsa.

"Alhaji, ni ban ce ban ɓata komai ba," in ji Malam. "Ƙaramin yarona ya zana mota da biro a bangon ɗakinsu, wannan nawa ne. Gilashin tagar kicin ma mu muka fasa, ba ya ma cikin lissafinka. Amma yoyon nan na same shi, na kuma gaya maka."

"To ai Malam, kayan gyara sun yi tsada."

Nan kam Alhaji bai yi ƙarya ba, kuma nan ne cigiyar ta fi ciwo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa naira 460 da wani abu lokacin da ka bar hannun Malam ta wuce 1,500 kafin ya tashi daga gidan. Bokitin fenti ya yi ƙiba, kai kuwa ka rame a inda kake zaune. Ko da an dawo da kai cif ba a taɓa ka ba, ba kai ne wanda aka ba da ajiya ba. Wannan asarar ba wanda ya rubuta ta a takardar littafin firamare.

Mai unguwa ya raba gardama. Fentin ɗaki ɗaya, gilashi, da kason Malam na kwashe sokawe, rubu'i ba duka ba: 25,000. Saura 75,000 a mai da wa mai su. Aka yi fatiha. Alhaji ya ce zai biya kashi biyu saboda yanayi, kuma a daren alat ɗin 40,000 ya shigo, har matar Malam ta ce a ba ta ladan ɗaukar hoto.

Saura 35,000, ranka ya daɗe, kuma su ake cigiya. An ce bayan ƙaramar Salla, aka ce bayan babba. An ga sabon ɗan haya ya tare a gidan, an kuma ji cewa shi 150,000 aka karɓa a hannunsa, dillali ya dafa masa kafaɗa. Silin ɗin dai an shafe taswirar da farin fenti, kwanon yana nan yadda yake, ga damina ta ƙarato. Idan takardar nan ta same ka, Malam ya ce a gaya maka lambar asusunsa ba ta canja ba, kuma wayarsa a kunne take ko da yana cikin aji.

Wassalam. Daga maƙwabcin Malam, wanda shi ma nasa na hannun wani Alhajin.